Yadda ake canza rotar distiributa a injin foklif

Wata safiya a watan Satumba aka kira ni wani sito a Khumra, kudancin Jidda. Kwantena biyu na tsaye a bakin ƙofa, direbobin tirela sai huci suke yi, foklif ɗin da zai sauke kayan, wato motar ɗaga kaya mai cokula biyu a gaba, kuma ya ƙi tashi. Mai kula da siton har ya fara lissafin kuɗin sabon koyil da na batir. Na ɗaga kujera, na buɗe murfin distiributa, wato abin da ke raba wa filogi wuta, na zaro wani ɗan abu da bai fi tsawon ɗan yatsa ba. Bakin tagullarsa ya cinye, ya yi baƙi kamar gindin tukunya. Shi ne rota. Larabawan nan suna ce masa shakush, distiributar kuma su ce mata dilko, saboda haka in ka shiga shagon kayan gyara a Sina'iyya, unguwar masu gyara da sayar da kayan mota, "shakush dilko" za ka nema, in ba haka ba mai shagon ya tsaya yana kallon bakinka.

Aikin canza shi bai kai rabin sa'a ba ga wanda hannunsa ya saba. Sai dai na ga mutane da yawa sun je gyaran gira sun rasa ido a kan wannan ɗan aikin, shi ya sa zan bi shi daki-daki.

Da farko ka tabbatar injinka yana da distiributa. Foklif mai dizal ba shi da ita, haka mai batir zalla. Masu fetur da masu tukunyar gas ne ke da ita, musamman tsofaffin injuna da suka cika situnan Jidda: Toyota 4Y da 5K, Nissan H20 da H25, Mazda FE da ake samu a cikin Yale da Hyster, da Mitsubishi 4G63. Sababbin injuna da yawa an daina sa musu, kwamfuta ce ke raba wutar. In ka ga wani abu mai kama da ƙaramin kofi a kife a gefen injin, wayoyi masu kauri suna fitowa daga kansa zuwa filogi, to ita ce.

Me rota yake yi, kuma me ke cinye shi

Batir volt 12 yake bayarwa. Koyil ne ke ɗaga wannan wuta ta kai dubban volt, fiye da dubu goma, sannan ya turo ta tsakiyar murfin distiributa. A tsakiyar murfin, ta ciki, akwai wani ɗan gawayi da sifirin ke dannawa a kan rota. Rota yana zaune a kan sandar distiributa yana juyawa, yana karɓar wutar ta tsakiyarsa, ya kai ta bakinsa, ya miƙa wa kowane filogi a lokacinsa. Bakin nan ba ya taɓa ƙarafan da ke jikin murfi. Akwai ɗan siririn rata a tsakani, wutar tsallakawa take yi.

Distiributa tana juyawa rabin gudun injin. Idan injin mai silinda huɗu yana juyi 2,000 a minti ɗaya, rota ya juya sau 1,000, tartsatsi kuma ya tsallaka bakinsa sau 4,000 a wannan mintin. Ka lissafa haka har tsawon aikin yini, wata da watanni. Kowane tartsatsi yana gutsurar ɗan abin da ido ba ya gani, har ratar ta buɗe, wutar ta fara shan wahala kafin ta tsallaka.

Mu a Jidda muna da ƙarin matsala. Iskar teku tana ɗauke da raɓa da gishiri, kuma a ƙarshen bazara danshin kan yi yawa har ka ga gilashin mota yana zufa da asuba. Wannan raɓar tana kwana a cikin murfin distiributa, ta haɗu da ƙurar sito, ta zama hanyar da wuta za ta bi ta zille. Injin gas kuma ya fi na fetur buƙatar wuta mai ƙarfi, shi ya sa rotan da zai iya lallaɓawa a kan fetur, a kan gas sai ya tona kansa da wuri.

Alamun su ne: injin ya daɗe yana jan sitata da safe kafin ya kama, ya riƙa misin, wato wata silinda tana tsallake bugu, a silo, lokacin da yake aiki ba a taka totur ba, ko ka ɗauki tabliya, katakon nan da ake jera kaya a kai, mai nauyi ka taka totur ya yi sheshsheƙa kamar zai mutu. Mai gas yakan yi harbi ta wajen shan iska, "fau!", har direba ya zabura. Waɗannan alamun filogi ma yakan kawo su, wayoyi ma haka, don haka ba a yanke wa rota hukunci sai an buɗe an gani.

Kafin ka sa hannu

Kayan aikin ba yawa: sukundireba mai baki ɗaya da mai kuros, sifana lamba 10 don kan batir, filaya mai roba a hannu, tsumma mai tsabta, salatif na takarda da biro, tocila, da wayarka don ɗaukar hoto.

Ka ajiye foklif a shimfiɗaɗɗen wuri inda iska ke kaɗawa. Ka sauke cokulan har ƙasa, ka sa giya a firi, ka ja birkin hannu, ka sa katako a gindin taya. Idan mai gas ne, ka rufe kan tukunyar gam tun injin yana aiki, ka bar shi ya shanye abin da ke cikin bututu har ya mutu da kansa. Gas ɗin nan ya fi iska nauyi, in ya tsiyaya kwanciya yake yi a ƙasa, a cikin ramin injin, daidai inda za ka yi wasa da wuta. Bayan haka ka kashe makulli ka zare shi ka sa a aljihunka. Kada ka bar shi a jiki, don a sito ba a rasa mai zuwa ya murɗa ya ga ko ya gyaru.

Ka bar injin ya huce. Distiributa ba ta nisa da wuraren da ke ƙona hannu, kuma roba mai zafi saurin tsagewa take yi. In lokacin bazara ne kuma a fili kake, ka tuna daga 15 ga Yuni zuwa 15 ga Satumba an hana aiki a cikin rana daga 12 zuwa 3 na yamma. Ka tura shi inuwa ko ka jira la'asar.

Injin foklif a ƙarƙashin kujerar direba yake. Ka tura sitiyari gaba, ka ɗaga murfin da kujerar ke kai, ka tabbatar abin da ke tokare shi ya kama sosai. Na tsofaffi yakan saki, kuma murfin da kujera in suka sauko a kan wuyan mutum ba magana. Ni sanda nake ƙarawa. Sai ka cire zobe da agogo, ka kwance baƙar wayar batir mai alamar ragi, ka kawar da ita gefe yadda ba za ta dawo ta taɓa kan batir ba.

Buɗe murfi

A nan ne ake ɓata aiki. Kafin ka taɓa komai, ka ɗauki hoton distiributar daga sama, da wayoyinta duka a jiki. Sannan ka naɗa wa kowace waya salatif ka rubuta lambar silindar da take zuwa. Ka lura, a foklif injin baya yake kallo: fanka da lagireto suna can wajen ƙarfen nauyi na baya, don haka silinda ta 1 ita ce ta kusa da fanka, ba ta kusa da ƙafafun direba ba. Masu zuwa daga gyaran mota suna yawan juya lissafin.

In da hali, kada ma ka cire wayoyin. Yawancin lokaci tsawonsu ya isa ka ɗaga murfi ka kwantar da shi gefe da su a jiki. Wani yaro da ke koyon aiki a hannuna, ɗan ƙanwata, na taɓa aikensa ya buɗe min murfi kafin in idar da sallah. Na dawo na tarar ya zare wayoyi huɗun nan ya jera su a kan taya, har ya goge su tas. Na ce, "Wacce ce ta ɗaya?" Ya dube su, ya dube ni, ya ce, "Kawu, ai duk iri ɗaya ne." Aikin minti ashirin ya kai mu magariba.

Ka share ƙurar da ke kewaye da murfin tukuna don kada ta zuba ciki. Murfin ko dai maƙalai biyu na ƙarfe ne ke riƙe da shi, waɗanda ake ɓalle su da bakin sukundireba, ko kuma sukuru biyu ko uku. Ka ɗaga shi sama a miƙe, kada ka karkata, don gawayin tsakiya yana da saurin karyewa.

Akwai wani noti guda a gindin distiributar, wanda ya ɗaure ta da jikin injin. Wannan ba ruwanka da shi. Da zarar ka sassauta shi distiributar ta juya ko da kaurin farce ne, taimin, wato lokacin da wuta ke isa filogi, ya gurɓace, sai an kawo fitilar saiti. Canza rota ba ya buƙatar a taɓa shi ko kaɗan.

Da murfi ya tashi, ka sake ɗaukar hoto, a ga inda bakin rota yake kallo. Daga yanzu kada a juya injin har sai sabon ya zauna.

Karanta tsohon kafin ka jefar

Ka kama rotan da yatsu biyu tun yana kan sandarsa, ka girgiza shi gefe da gefe. In sandar kanta tana wasa sosai, bushin distiributar, zoben da sandar ke juyawa a ciki, ya cinye, kuma sabon rota zai riƙa bugun murfi har ya lalace cikin 'yan kwanaki. Sai ka murɗa shi kaɗan ta wajen da yake juyawa ka saki. A distiributa mai sifirin da ƙarafan nauyi a ciki, zai ɗan tafi ya dawo da kansa. In ya ƙi motsi, ko ya tafi bai dawo ba, ƙarafan sun cije da tsatsa, kuma wannan ma yana kashe ƙarfin injin.

Yanzu ka duba yadda aka ɗaure shi. Mafi yawa turawa kawai aka yi, sai ka kama gindinsa ka ja sama a miƙe. Wasu suna da ɗan sukuru a gefe, wasu biyu a sama. Mai sukuru a gefe ya sha yaudarar mutane, su yi ta ja har su fasa. Ka zagaya da tocila ka duba sosai, kuma in za ka kwance sukurun ka toshe ƙasa da tsumma, don in ya faɗa cikin distiributa fito da shi wani aikin ne. Idan ya cije saboda tsatsa, ka riƙa karkaɗa shi a hankali kana ja. Kada ka sa sukundireba ka yi masa ɓanɓara kana dogara da kayan da ke ƙarƙashinsa, na'urar da ke ba koyil umarni a nan take, kuma ta fi rota tsada nesa ba kusa ba. In ya ƙi sam, tunda dai jefarwa za a yi, ka matse robar da filaya ta tsage, ka tsince gutsattsarin duka. Amma ka yi haka ne bayan sabon yana hannunka.

Ka kai shi haske. Baki mai ɗan duhu ba komai ba ne. Wanda ya mutu za ka ga bakin ya zaizaye, kusurwoyinsa sun zama kamar an tauna, ko ya yi tsatsa mai kore-kore. Ka duba tsakiya inda gawayi ke zama, ko ya yi rami. Sannan ka juya shi ka leƙa cikin ramin da sanda ke shiga. Wani lokaci sama lafiya lau, amma a ciki za ka ga ɗan baƙin ɗigo ko toka-toka: wuta ta huda robar tana sauka kai tsaye cikin sanda. Irin wannan shi ne ke hana injin tashi gaba ɗaya alhali koyil na ba da wuta. Wanda na ciro a Khumra haka ya yi, hudar ba ta fi tsinin allura ba.

Rota yakan kuma faɗa maka abin da ya kashe shi. Wanda ya ƙone da wuri, galibi filogi ne suka buɗe baki da yawa ko wata waya ta yanke ta ciki, wutar ta rasa hanya mai sauƙi ta koma tana cin rota. In ba ka gyara wancan ba, tsugune ba ta ƙare ba.

Wasu suna goge bakin da samfefa su mayar. Goge datti sama-sama don a sauke kwantenar yau, wannan na yarda. Amma kankare shi da fayil ƙara buɗe ratar ne, wato ciwon da kake magani shi kake ƙarawa.

Murfin ma ka juya shi ka haska. Ka danna gawayin tsakiya da ɗan yatsa, ya kamata ya shiga ya dawo. Ka duba ƙarafan gefe, in sun yi farin gari ka goge. Abin da za ka fi nema shi ne siraran layuka baƙaƙe kamar an ja da fensir, daga wani ƙarfe zuwa wani ko zuwa gefen murfi. Sawun wuta ne, kuma inda ta taɓa bi za ta sake bi, gogewa ba ta hana ta. Murfi mai irin wannan layi ko tsaga a canza shi tare da rota. Ni dai in rota ya ci har haka, haɗa su nake yi in saya, don tare suka tsufa. In ka ga man inji a cikin distiributa, sil ɗin sandarta, robar da ke tare man, ya mutu, wannan kuma sai an fito da ita.

Sayen sabo

Kada ka je shago da sunan foklif kawai. Kamfani ɗaya yakan sa injuna daban-daban, injin guda kuma yakan zo da distiributa iri biyu ko uku. Ka ɗauki hoton farantin da ke jikin foklif mai lambar samfuri da lambar bodi, ka ɗauki lambar da ke jikin distiributar kanta, sannan ka sa tsohon rotan a aljihu. A kan kantar shagon ka jera su biyu: tsayi ɗaya, tsawon hannu ɗaya, faɗin baki ɗaya, ramin ƙasa iri ɗaya. Wanda ya fi tsawon hannu zai daki murfi, wanda ya gaza zai bar rata mai faɗi, wanda ya fi tsayi zai murƙushe gawayi. Wasu rotocin suna da ɗan abin rage wuta a tsakanin tsakiya da baki, in naka mai shi ne, mai shi za ka saya. Mai shago zai ce maka "nafsu shai", wai duk ɗaya ne. Ka yi murmushi ka ci gaba da gwadawa. Kuma kada ka fasa tsohon ran Juma'a da safe kana sa ran samun shago a buɗe.

Ɗora shi

Ka goge kan sandar da tsumma. In akwai tsatsa ka murza ta kaɗan har ta yi sumul. A tsofaffin distiributoci za ka ga ɗan auduga a cikin kan sandar, ka ɗiga masa man inji ɗigo ɗaya ko biyu, kada ya wuce haka. Idan taka mai kontak ce, wato 'yan ƙarafa biyu da ke haɗuwa suna rabuwa don ba koyil umarni, tunda ga ka a wurin, ka duba bakinsa, ratar a irin waɗannan injuna wajen milimita 0.45 take, amma ka bi abin da littafin injinka ya ce. In akwai faifan roba mai tare ƙura a ƙarƙashin rota, ka mayar da shi mazauninsa kafin rotan.

Sandar tana da gefe guda a shafe, ko wata 'yar tsaga, cikin rotan kuma akwai abin da ya dace da ita. Hanya ɗaya tak yake shiga. Ka daidaita su, ka danna da babban yatsa har ka ji ya zauna daram. Kada ka buga da guduma. Ka gwada murɗa shi: in yana zagaya sandar a sake, bai shiga mazauninsa ba. Ka gwada da hoton da ka ɗauka, bakin ya kalli inda tsohon yake kallo. Rotan da bai zauna har ƙasa ba, juyin farko zai fasa murfi, ka yi asarar biyu. Mai sukuru kuma a ɗaure shi daidai hannu, roba ce, ba ta son ƙarfi.

Ka busar da cikin murfi da tsumma busasshe, ka ɗora shi. Shi ma yana da 'yar tsaga a gindinsa da ke shiga wuri ɗaya. Ka tabbatar ya zauna daidai ta kowane gefe kafin ka maƙala ko ka ɗaure. In kana jin sai ka danne shi da ƙarfi, wani abu bai daidaita ba, ka ɗaga ka sake dubawa. Sai ka bi wayoyin ɗaya bayan ɗaya kana dannawa, a kan murfi da kan filogi, har ka ji kowacce ta kama. In sabon murfi ne, ka riƙe shi kusa da tsohon a fuska ɗaya, ka riƙa ɗauke waya guda kana mayarwa a gurbinta kafin ka taɓa ta gaba.

Idan an riga an yi irin ta ɗan ƙanwata, ga mafita. Waɗannan injunan masu silinda huɗu da na ambata jerin wutarsu 1-3-4-2 ne. Ka cire filogi na 1, ka toshe ramin da babban yatsa, wani ya juya injin da sifana a hankali har ka ji iska tana turo yatsanka, sannan a ci gaba kaɗan har alamar da ke jikin fuli, faifan da bel ke zagayawa a ƙasan injin ta wajen fanka, ta zo daidai da alamar sifili. Inda bakin rota ya kalla a lokacin, nan ne gurbin waya ta 1. Ka lura da wajen da rotan yake juyawa yayin da ake juya injin, ka bi wannan wajen ka sa 3, sannan 4, sannan 2.

Gwaji

Ka ƙirga kayan aikinka, kada a bar tsumma kusa da fanka. Ka mayar da wayar batir ka ɗaure. Ka buɗe kan tukunyar gas a hankali, ka tsaya ka shinshina. In ka ji wari, ka rufe, ka nemo inda yake fita da ruwan sabulu kafin ka kusanci makulli. In babu, ka hau kujera, giya a firi, ka tayar. Mai gas zai ɗan ja sitata kafin bututun ya cika, wannan ba laifi ba ne.

Ka saurara a silo. In kana jin "ƙas-ƙas" daga cikin murfi, kashe nan take, rota yana taɓa wani abu. In yana harbi ko yana rawa fiye da da, wayoyi biyu sun yi musaya, ka koma ga hotonka. Injin na aiki kada ka kama waya ko murfi da hannu, wutar nan tana jefar da mutum, kuma fanka na kusa. Kada kuma ka bar shi yana aiki a cikin rufaffen sito, hayaƙinsa yana kisa ba tare da an ji warinsa ba.

In silo ya daidaita, ka bar shi ya yi zafi, sannan ka gwada shi da kaya, don rashin ƙarfin wuta a ƙarƙashin nauyi yake bayyana. Ka ɗauki tabliya mai nauyi, ka ɗaga ta sama kana taka totur, ka hau gangaren bakin sito da ita. Idan har yanzu yana sheshsheƙa, ka koma kan filogi da wayoyi, in ka kashe fitilu da dare sau da yawa za ka ga wuta shuɗiya tana tsalle daga wayar da ta lalace. Daga nan sai koyil, wanda a wasu injunan Toyota 4Y a cikin distiributar kanta yake zaune.

Foklif ba ya ƙirga kilomita, sa'o'i yake ƙirgawa. Ka duba agogon sa'o'in da ke gaban direba, ka rubuta lambar da kwanan wata a kan salatif, ka manna a cikin murfin injin. Duk ranar da za a canza filogi, a ɗaga murfin distiributa a leƙa. Tsohon rotan kuma, in bakinsa ne kawai ya ci ba hudewa ya yi ba, ka goge shi ka jefa a akwatin kayan aiki, ka rubuta sunan injin a jikinsa.